Shirin da ke sa ido a kan Pod a Kubernetes yana yin shiru da dare: ina kuskurena yake?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, malamaina da ƴan'uwa. Da fatan kowa ya tashi lafiya, kuma zafin bazarar nan yana zuwa da sauƙi.

Ina aiki da wani ƙaramin kamfani a nan Damagaram, kuma aikinmu shi ne kula da manhajar da wasu shagunan sayar da magani suke lissafin kayansu da ita. Manhajar tana gudana a kan Kubernetes, wato tsarin da ke rarraba manhajoji a kan kwamfutoci da yawa yana kula da su, cikin gungun kwamfutoci uku da muka yi haya a Faransa, mu da kanmu muka kafa shi da kubeadm, kayan aikin kafa irin wannan gungu. Wata biyu da suka wuce maigidana ya ɗora mini aikin rubuta ɗan shiri da Python wanda zai riƙa sa ido a kan kowane Pod na manhajar, wato ƙaramin rukunin da wani ɓangare nata ke gudana a cikinsa, ta yadda idan wani ya faɗi, ko ya sake tashi, ko aka goge shi, saƙo zai shigo wayata, a kuma rubuta abin da ya faru a cikin tebur.

Da farko na bi hanya mai sauƙi, wato duk bayan daƙiƙa 10 shirin ya nemi cikakken jerin Pod ya kwatanta da na baya. Ya yi aiki, amma ya riƙa cin kuɗin intanet ba gaira ba dalili, domin jeri ɗaya yake saukewa sau 8,640 a kwana guda alhali galibi babu abin da ya sauya. Sai na koma ga Watch, wato sa-ido, da ke cikin laburaren kubernetes na Python, na haɗa shi da list_namespaced_pod, ina kuma adana resourceVersion na saƙon ƙarshe, wato lambar da ke nuna inda sauye-sauye suka kai, a cikin fayil domin in ci gaba daga nan idan shirin ya tsaya. Shirin yana kan wata tsohuwar kwamfutar hannu a biron da muke aiki kusa da Kasuwar Dole. Idan aka ɗauke wuta batirinta yana riƙe ta, amma akwatin intanet yana mutuwa nan take.

Ga abin da nake fama da shi. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, shirin yana faɗuwa da kuskure mai lamba 410, yana cewa resourceVersion ɗin ya tsufa. Da na cire lambar gaba ɗaya don in kauce wa wannan, sai kowane Pod da ke raye ya riƙa zuwa a matsayin ADDED duk lokacin da shirin ya sake haɗuwa, har wata rana wayata ta karɓi saƙo kusan arba'in a jere. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne na daren Talata: shirin bai faɗi ba, bai rubuta kuskure ko ɗaya ba, yana nan a raye, amma bai kawo komai ba, alhali Pod ɗin da ke karɓar cinikin shaguna yana ta faɗuwa tun tsakar dare. Bayan sallar asuba wani mai shago ya kira ni yana cewa ba ya iya shigar da kaya, daga bakinsa na fara jin labari.

Tambayata ita ce, ta yaya zan rubuta shirin nan yadda ko sauyi ɗaya ba zai wuce ni ba, ko da rezo ya yanke?

Tsohon Injiniya na Karkada ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi bayani dalla-dalla, Allah ya yi albarka, wannan ya sauƙaƙa amsa. Zan ɗauki matsalar 410 da ta ADDED tare, domin tushensu ɗaya ne.

Duk abin da ke cikin gungun, ko Pod ne ko Deployment (mai tabbatar da cewa adadin Pod da aka nema suna gudana) ko ConfigMap (ma'ajiyar saituna), a cikin etcd, rumbun bayanan gungun, ake ajiye shi, kuma kowane rubutu da aka yi yana samun sabuwar lamba, wadda ita ce kake gani a matsayin resourceVersion. Idan ka buɗe sa-ido da wata lamba, ma'anar roƙonka ita ce a ba ka duk abin da ya faru bayan wannan lambar. Uwar garken API, wadda shirinka ke aika wa roƙo, tana iya amsawa ne muddin tarihin yana hannunta, kuma tarihin gajere ne ƙwarai: bisa tsarin asali, ana share tsofaffin sauye-sauyen etcd duk bayan minti 5. Saboda haka idan wuta ta yi awa biyu ba ta dawo ba, lambar da ka adana a fayil tana nuna wurin da aka riga aka share, kuma 410 ita ce amsar gaskiya da za a ba ka. Idan kuma ka buɗe sa-ido ba tare da lamba ba, uwar garken tana fara aiko maka da duk abin da ke nan yanzu a matsayin ADDED kafin ta shiga kawo sabbin sauye-sauye, wannan shi ne saƙo arba'in ɗin da ka gani. Duka biyun haka aka tsara su.

Hanyar da aka sani ita ce jeri tukuna, sannan sa-ido. Ka nemi cikakken jerin Pod sau ɗaya, ka ajiye shi a ƙwaƙwalwar shirinka, ka ɗauki resourceVersion da ke cikin metadata na jerin kansa, ba na wani Pod guda a cikinsa ba, sannan ka buɗe sa-ido daga wannan lambar. Kowane saƙo ya zo, ka gyara abin da ke ajiye ka kuma riƙe sabuwar lambar. Idan haɗin ya yanke, ka sake buɗewa da lambar ƙarshe. Idan aka ce 410, wanda a Python zai zo maka a matsayin ApiException mai status 410, kada ka sake gwada tsohuwar lambar ko sau ɗaya. Ka sake neman jeri, ka kwatanta shi da abin da ke ajiye, ka fitar da bambancin da kanka. Wanda yake a tsohon jeri amma babu shi a sabo an goge shi, wanda kuma sunansa bai sauya ba amma uid ɗinsa, wato lambar shaidarsa ta musamman, ya sauya, to wani Pod ne daban aka haifa da sunan na da. Ita lambar, ka riƙe ta a matsayin rubutu ka mayar da ita yadda aka ba ka, kada ka ƙara mata ɗaya ko ka rage.

Akwai kuma wani abu da zai rage maka yawan 410 ko da rezo lafiya lau ne. Idan sashenku na gungun, wanda kake sa wa ido, ya yi shiru na awa guda, lambar saƙonka na ƙarshe tana tsufa duk da cewa babu abin da ya wuce ka, domin sauran sassan gungun suna ta rubutu. Maganin wannan shi ne ka sa allow_watch_bookmarks, wanda ya tabbata a Kubernetes tun fitowar 1.17. Da shi uwar garken za ta riƙa aiko da saƙon BOOKMARK lokaci-lokaci, wanda ba ya ɗauke da komai sai sabuwar lamba, kai kuma ka ciro ta daga raw_object ka adana.

Yanzu ga asalin tambayarka, kuma ina so ka yi haƙuri da amsar: ba za ka iya tabbatar da cewa ko sauyi ɗaya bai wuce ka ba. Ka dubi mai tsaron magaza a kasuwar hatsi. Muddin yana zaune a bakin ƙofa, yana ganin kowane buhun gero da ya shiga da wanda ya fita. Amma idan ya tafi masallaci ya dawo, ba zai tsaya yana ƙoƙarin gano buhu nawa ya gilma a bayansa ba, shiga zai yi ya ƙirga abin da ke ciki ya kwatanta da littafinsa. A kan wannan tunani aka gina Kubernetes kanta, domin masu kula da Deployment da sauransu ba sa dogara da cewa sun ji kowane saƙo. Saƙon yana tashinsu ne kawai, sai su dubi halin da ake ciki yanzu su gyara abin da ya karkace. Ka gina shirinka haka, yankewar rezo za ta jinkirta labari ne kawai, ba za ta ɓata lissafinka ba.

Malama Ƴar Zango ta amsa:

Salamu alaikum. Abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, ba ni da ƙari a kai, amma bai taɓa daren Talata ba, kuma ni a ganina shi ne mafi haɗari, domin shirin da ya faɗi ana ganinsa, wanda ya yi shiru kuwa kowa yana zaton lafiya.

Ɗan'uwa, sa-ido ba komai ba ne illa roƙon HTTP guda ɗaya da aka bari a buɗe, uwar garken tana zubo saƙonni ta cikinsa. Lokacin da akwatin intanet ɗinku ya mutu, babu wanda ya sanar da kwamfutarka cewa hanyar ta yanke. Da wuta ta dawo wataƙila ma an ba ku sabon adireshi, tsohon haɗin ya mutu a can, amma a wajen kwamfutarka yana nan a buɗe, tana jiran saƙon da ba zai taɓa zuwa ba. Ita ba ta aika komai ta wannan haɗin, don haka babu abin da zai dawo mata da kuskure. Ko da an kunna binciken raye na TCP, bisa tsarin asali Linux sai ta jira daƙiƙa 7,200, wato awa biyu cur, kafin ta fara tambaya.

A laburaren Python akwai iyakokin lokaci biyu da mutane suke yawan cuɗawa. Na farko, timeout_seconds, roƙo ne ga uwar garken cewa ta rufe haɗin bayan lokaci kaza, amma idan hanyar ta riga ta mutu, labarin rufewar ma ba zai iso gare ka ba. Na biyu, _request_timeout, shi ne na ɓangarenka, shi ke sa kwamfutarka ta daina jira idan ta daɗe ba ta ji komai ba. Ni nakan sa na farko daƙiƙa 60, na biyu 75, in saka komai a cikin madauki mai sake haɗawa, ta yadda shirun da ya wuce minti ɗaya da kwata ba zai taɓa ɓoyuwa ba. Idan haɗawar ta gaza, kada ka sake gwadawa nan take ba ƙaƙƙautawa. Ka jira daƙiƙa ɗaya, sannan biyu, sannan huɗu, har zuwa wata iyaka kamar minti ɗaya.

Sai dai shawarata ta gaske ita ce ka ɗauke shirin daga biro ka mayar da shi cikin gungun, ya zama Deployment mai kwafi ɗaya. A can tsakaninsa da uwar garken babu wutar Damagaram kuma babu rezon waya. Za ka yi amfani da load_incluster_config, ka ƙirƙiri ServiceAccount nasa na kansa, wato asusun da shirin zai riƙa shiga da shi, ka ba shi Role mai izini uku kacal a kan pods, wato get da list da watch, ka ɗaure su da RoleBinding. Ka lura cewa list da watch izini ne daban-daban, na sha ganin wanda ya ba da list ya manta watch, jeri ya zo lafiya, sa-ido kuma ya dawo da 403, wato babu izini. Kada ka ba shi izini a kan secrets, inda ake ajiye kalmomin sirri da makullai, domin wanda ke da list ko watch a kansu yana karanta abin da ke ciki baki ɗaya.

Ina kuma da tambaya wadda na fi so ka amsa wa kanka: da wane fayil ɗin shiga kwamfutar biron take haɗuwa da gungun? Idan admin.conf ne da kubeadm ya samar, mai cikakken iko a kan gungun, to makullin gidan gaba ɗaya yana kan tsohuwar kwamfutar da ke kwana a biro, kuma bayanan cinikin mutane ne a ciki. Don Allah a gyara wannan tun kafin a gyara sauran.

Kwamfutar biron tana da sauran amfani guda. Idan gungun duka ya faɗi, mai sa idon da ke cikinsa ya faɗi tare da shi, don haka ka bar mata ƙaramin aiki: ta riƙa duba ko mai sa idon ya nuna alamar rai a cikin mintuna biyar da suka wuce, idan bai nuna ba ta sanar da kai.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malama, Allah ya ƙara ilimi. Malama, kin yi gaskiya, admin.conf ne a kan kwamfutar, kuma na sanar da maigidana yau da safe. Abin da ya rage mini shi ne wannan: idan kwantena, wato manhajar da ke gudana a cikin Pod, ta faɗi ta sake tashi a lokacin da sa-idon ya yanke, sabon jeri zai nuna Pod ɗin yana gudana lafiya, to ta yaya zan san ta taɓa faɗuwa? Sannan na ji ana cewa a harshen Go an riga an rubuta duk wannan, shin ya kamata in bar Python in koma can?

Ɗan Garin Malam ya amsa:

Sallama gare ku duka. Ɗan'uwa, faɗuwar ba ta ɓace ba, tana rubuce a jikin Pod ɗin. A cikin status akwai containerStatuses, kuma kowace kwantena tana da restartCount, wanda ke ƙaruwa duk lokacin da aka sake tayar da ita. Idan ka ajiye 3 kafin yankewa ka dawo ka tarar da 7, ka san ta faɗi sau huɗu ko da ba ka ga ko ɗaya da idonka ba. Kusa da shi akwai lastState, inda za ka ga dalilin mutuwar ƙarshe da lambar fita da lokacin da abin ya faru. Abin da za ka rasa shi ne bayanin faɗuwar da ke tsakiya, sai kuma Pod ɗin da aka haifa aka goge duk a cikin lokacin yankewar. Abubuwan Event, wato gajerun bayanan da gungun ke rubutawa kan abin da ya faru, suna taimakawa kaɗan, amma bisa tsarin asali awa ɗaya kawai ake ajiye su. Idan kuwa abin da maigidanka yake so shi ne sanin wanda ya goge abu da lokacin da ya goge, wannan aikin rajistar binciken uwar garken API ne, sai an kunna ta da gangan, sa-ido ba ya faɗin sunan mai aikatawa.

Game da Go, gaskiya ne. Laburaren client-go yana da abin da ake kira informer, wanda ke yin duk abin da Injiniya ya zayyana: wani sashe mai suna Reflector yana neman jeri, ya buɗe sa-ido, ya sake neman jeri idan lambar ta tsufa, ya kuma riƙe kwafin komai a ƙwaƙwalwa, kai kuma ka ba shi ayyuka uku, AddFunc da UpdateFunc da DeleteFunc. Amma ko a can ba a ɓoye gaskiyar da Injiniya ya faɗa ba, domin idan an goge abu a lokacin da haɗin ya yanke, abin da ke isowa DeleteFunc shi ne DeletedFinalStateUnknown, wato an san ya tafi amma ba a san halinsa na ƙarshe ba, kuma shirin da bai yi tanadin wannan ba faɗuwa yake yi. Dole ne kuma ka jira WaitForCacheSync kafin ka fara aiki, ka guji taɓa abin da ke cikin ma'ajiyar sai ka yi DeepCopy, ka kuma bar aika saƙon waya a cikin waɗannan ayyuka uku. Suna kawai ake jefawa a layin jira, wani ma'aikaci daban ya ɗauka ya duba halin yanzu. Wannan darasi na ƙarshe ya shafe ka ko a Python, domin idan aika saƙo ya ɗauki daƙiƙa 20 saboda rezo, karatun sa-idon yana tsaye yana jiransa. Don Pod arba'in ban ga dalilin koyon sabon harshe ba. Madaukin da ka riga ka fara ya isa, idan kuma aikin ya girma akwai Kopf, wanda aka rubuta da Python don irin wannan.

A nan ne zan ɗan saɓa wa malamaina biyu, tare da girmamawa. Sun gyara maka shirin, amma ni ina shakkar ko Pod ne ya kamata ya riƙa tashinka daga barci. Duk lokacin da kuka fitar da sabon salon manhajar, Deployment zai goge tsofaffin Pod ya haifi sababbi, kuma wannan lafiya ce. Abin da mai shagon magani ya damu da shi shi ne ko akwai kwafin da ke amsa masa. Ka sa ido a kan Deployment ɗin, ka kwatanta availableReplicas, wato yawan kwafin da ke shirye, da adadin da aka nema, ka aika saƙo idan gibin ya wuce minti biyu ko uku. Kuma wannan ma an riga an yi shi: kube-state-metrics yana fitar da waɗannan alƙaluma, Prometheus yana tattarawa, Alertmanager yana haɗa saƙonni masu kama da juna ya aiko guda ɗaya.

Tsohon Injiniya na Karkada ya ƙara:

Malam, na karɓi gyaranka a kan Deployment, ya fi dacewa da abin da mai shago yake ji a jikinsa. Inda nake da ja shi ne Prometheus, domin gungun kwamfutoci uku ne na haya, kuma shi ma yana son nasa rabon ƙwaƙwalwa da wurin ajiya da mai kula da shi. Yaron nan shi kaɗai ne a kan aikin. Ya fara gyara abin da ke hannunsa ya fahimce shi sosai, idan shaguna sun ƙaru sai a kawo manyan kayan.

Ɗan Birni ya rufe da cewa:

Malamaina, ga inda aka kwana. Mun cire admin.conf daga kwamfutar biro, shirin kuma yanzu yana cikin gungun da ServiceAccount nasa, yana da izini uku a kan pods da deployments kawai. Yana fara neman jeri, sannan ya sa ido da iyakokin 60 da 75, saƙon waya kuma wani zare daban ne yake aika shi.

Kafin in mayar da shi can na gwada shi a biro kamar yadda abin ya faru da gaske. Na zare wayar akwatin intanet, na yi amfani da rezon wayata na goge Pod guda ɗaya da kubectl, kayan aikin ba gungun umarni, na jira minti 20, sannan na mayar da wayar akwatin. A cikin rajistar na ga ya daina jira bayan daƙiƙa 75, ya yi ta gwada haɗawa yana ƙara tazara, da hanya ta dawo ya karɓi 410, ya sake neman jeri, ya rubuta layi biyu kacal: Pod kaza ya tafi, Pod kaza sabo ne.

Na kuma duba lastState na Pod ɗin daren Talata kamar yadda Ɗan Garin Malam ya ce, na tarar da OOMKilled da lambar fita 137, wato kwantenar tana wuce iyakar ƙwaƙwalwar da muka sa mata ne a lokacin da ake haɗa rahoton dare. Mun ɗaga iyakar, kuma gobe in Allah ya yarda zan zauna da wanda ya rubuta sashen rahoton mu duba abin da ke cinye ta. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.